Godiya ga waɗanda suka taya mu rainon bakwaini

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya likita ya duba 'yarmu ya ce girmanta na tafiya daidai, har ta fara zama da kanta. Yarinyar da ta zo a mako na 31, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba!

Ma'aikatan ɗakin jarirai, Allah ya biya ku. Kun kula da ita a kwalba, kun koya mini tatsar nono da ba ta a ɗan kofi lokacin da ba ta da ƙarfin tsotso. Ranar sallama babbar nas ta ce sauran aiki na mutanen gida ne, kuma haka muka gani.

Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, ga shi mun dawo gida cikin hunturu. Sai goyon ƙirji: daga ita sai hula, safa da nafkin, a manna ta a jikin mutum a ɗaure da zani. Wannan dabara a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara ta a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, a 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da zarar an haihu. Amma uwa ita kaɗai ba za ta iya dare da rana ba.

Hajiya, mahaifiyar maigida, ban san da bakin da zan gode miki ba. Da farko kin ce ku a baya kuka san goyo, amma ke kika riƙa karɓar ta bayan Asuba don in runtsa. Kin hana turaren wuta a ɗakin, kin dakatar da taron suna, aka raɗa suna aka yanka rago kawai. Da maƙwabta suka fara cewa sa'anninta sun riga ta murmushi, ke kika tuna musu maganar likita: a cire mata watanni biyun da ta yi saurin zuwa kafin a gwada ta da kowa.

Maigida ya sha goyo a cikin jallabiya yana karanta mata Alƙur'ani a hankali. Yaya, abokiyar zamana, kin ɗauke mini girki ba ki taɓa nuna gajiya ba. Allah ya raya miki naki.

'Yan barkan da aka mayar daga ƙofa saboda mura ko tari, ku yi haƙuri. Yanzu bismillah, ku zo ku gan ta, sai dai har yanzu Hajiya za ta sa ku wanke hannu da sabulu.