Bin Sawun Mutanen Farko a Ƙasar Kazaure

Muna cin tuwon dare ɗana ya jefo mini tambaya: "Baba, wa ya fara zama a garinmu?" Na buɗe baki na rasa abin faɗa. An haife ni a ƙasar Kazaure, na tashi ina kallon duwatsun nan kullum, amma ban taɓa tambayar kowa ba. Abin ya tsaya mini a rai har na ɗauki hutu don in bincika.

Kuskurena na farko shi ne irin tambayar da na tafi da ita. Na iske baffana a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goro, na kunna wayata, sannan na ce, "Baffa, a wace shekara aka kafa garin nan?" Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ɗana, mu ba da shekara muke lissafi ba. Ka tambaye ni zamanin wane sarki." Daga ranar na sauya salo. Sai in ce, kafin zuwan Turawa ne ko bayansa? Kafin yunwar Kakalaba ne? Turawa sun ci Kano a 1903, Kakalaba kuwa ta 1913 zuwa 1914 ce, sai waɗannan biyun suka zame mini turaku da nake ɗaure kowane labari a jikinsu.

Labarin da na fi ji a bakin dattawa shi ne na Kutumbi, maharbin da ake cewa ya fito daga wajen Dala da mutanensa, ya iske fili da ruwa duwatsu sun kewaye shi, ya ce wurin nan kamar zaure yake. Daga nan, in ji su, sunan Kazaure ya samo asali. Na rubuta shi a matsayin abin da aka gada a baki, domin haka na karɓe shi.

Tarihin sarauta kuwa daban yake, kuma ya fi tsayuwa da ƙafafunsa. Ɗan Tunku, Bafulatani daga cikin Yarimawa, ya yi ƙarfi a yankin Dambatta a zamanin jihadi. Da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi bi, aka yi ta gwabzawa har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, Kazaure ta tsaya da kanta. Ɗansa Dambo ne ya mayar da garin Kazaure mazaunin sarauta. A nan na gane cewa wanda ya fara sare daji da wanda ya kafa mulki ba lallai su zama mutum ɗaya ba, kuma kowane gida nasa yake fara faɗa maka.

Na je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Takardun haraji na Turawa sun yi ja, gefensu na marmashewa, sunayen ƙauyuka an rubuta su yadda kunnen Bature ya ji. Sai da na riƙa furta su a fili kafin in gane namu. Iyakokin da muka sani yau kuwa jiya-jiya ne: Jihar Kano a 1967, gyaran ƙananan hukumomi a 1976, Jigawa a 1991. Yanzu masarautar ta ƙunshi Kazaure, Roni, Gwiwa da Yankwashi.

Abin da ke mini ciwo har yau shi ne na makara wajen zuwa wurin mata. Saura kwana biyu in koma aiki na zauna da gwaggona, tana tsince wake a faifai. Ba tare da na roƙa ba ta jero mini kirarin gidaje bakwai, da wanda ya haƙa tsohuwar rijiyar unguwarmu, da gidan da suka zo daga Daura da aure. Minti arba'in kawai na samu na naɗa. Da Babbar Sallah zan koma wurinta, kuma wannan karon da ɗana zan tafi.