Ƙungiyar ƙwadago a masana'antar da kowa ɗan uwan kowa ne

Mai masana'anta a ƙauye ba kasafai yake taka dokar ƙwadago da takardar kora ba. Yakan taka ta ne da hanyoyin da duk muka tashi muka ga ana bi, muna kuma ɗaukarsu a matsayin dattako: a kira uban yaro a yi masa magana, a aika wa mai unguwa, a tuna wa mutum bashin da aka ba shi lokacin da matarsa ta haihu. Wannan shi ne babban abin da na koya a aikina na akawu mai riƙe da takardun ma'aikata a wata matsakaiciyar masana'antar casar shinkafa da ke yankin Kura, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake noman rani da damina, shanshera kuma ba ta yankewa sai dai ta yi tsada.

Ma'aikatanmu kashi uku ne. Akwai masu albashin wata: masu kula da injina, masu tukunyar tururi, direbobi da masu gadi. Akwai leburorin da ake biya kullum. Sai 'yan dako, waɗanda ake biya bisa yawan buhun da suka sauke ko suka loda, ta hannun shugabansu. Maganar ƙungiya daga masu tukunyar tururi ta taso, bayan da tururi ya ƙone hannun ɗaya daga cikinsu. Alhaji, mai masana'antar, ya biya kuɗin asibiti daga aljihunsa, har ya aika da buhun shinkafa gidan. Amma sauran sun lura cewa babu wata takarda da ta ce dole ne a yi haka, kuma da wani ne wanda Alhaji bai san ubansa ba, wataƙila da labarin ya bambanta. Ba a jima ba aka fara ganin fom ɗin shiga ƙungiya yana yawo a bakin sikeli bayan sallar la'asar.

Da Alhaji ya ji, kalma ɗaya ya yi ta maimaitawa: butulci. Ni kuwa ban ga laifinsa sosai ba a ranar, domin mutum ne mai hannu sake. Shi ke raba gero da sukari da azumi, shi ke ɗauke wa mutane kuɗin magani. A ganinsa, wanda aka yi wa haka ba ya zuwa Kano ya kwaso baƙi su zo su tsaya tsakaninsa da maigidansa. Manajanmu ya ce a ba shi sunaye biyar kawai, kafin Juma'a magana ta mutu.

Allah ya sa Alhaji yana da ɗabi'ar tuntuɓar lauyarsa kafin ya sa hannu a kowace takarda. Ta zo daga Kano ta zauna da mu uku a ofis, kuma abin da ta fara buɗewa shi ne sashe na 40 na kundin tsarin mulki na 1999, wanda ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta don kare muradunsa. Sannan ta koma Dokar Ƙwadago, sashe na 9, inda aka hana gindaya wa ma'aikaci sharaɗin ya shiga ko kada ya shiga ƙungiya, aka kuma hana korarsa ko cutar da shi ta wata hanya saboda yana cikin ƙungiya, ko saboda ayyukan ƙungiya da ya yi bayan an tashi aiki. Ta tsaya a kan "ta wata hanya" ɗin nan. Ta ce rage wa mutum kwanakin aiki, ko mai da shi aikin dare ba dalili, ko tsallake shi a rabon azumi, duk sun shiga ciki.

Alhaji ya ce, "To Barista, ni da kuɗina, ba ni da ikon sallamar wanda na ga dama?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a da kotuna kan ce maigida na iya sallama ko da dalili ko babu, in dai ya ba da notis. Amma tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin wannan shari'a, kuma an ba ta ikon duba rashin adalci a wurin aiki da yarjejeniyoyin duniya da Najeriya ta sa wa hannu. Tana da reshe a nan Kano. In ka sallami mutum biyar a makon da suka raba fom, alƙali zai tambaye ka dalili, kuma kalanda ce za ta ba da shaida a kanka."

Yarjejeniyoyin da take nufi su ne na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 87 da mai lamba 98, waɗanda Najeriya ta amince da su tun 1960. Ta biyun ta hana maigida tsoma hannu cikin harkar ƙungiyar ma'aikata, har da kafa wata ƙungiya ta jeka-na-yi-ka da zai riƙa juyawa da kuɗinsa. Wannan ya kashe shawarar manaja ta biyu tun kafin ya gama faɗinta, domin ya so a kafa "kwamitin jin daɗin ma'aikata" a ɗora ƙanin matarsa a kai.

Wani abu da ban sani ba sai a lokacin: ma'aikatanmu ba sabuwar ƙungiya za su kafa ba. Doka ta ce sai mutum 50 aƙalla ke neman rajistar ƙungiyar ma'aikata, kuma magatakardan ƙungiyoyi ba ya yi wa sabuwa rajista a fannin da wata ta riga ta wakilta. Saboda haka reshe ne za su buɗe na ƙungiyar ƙananan ma'aikatan masana'antun abinci da abin sha, wato NUFBTE, wadda ke ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC. Manyan ma'aikata irina suna da tasu daban. Kuma tunda ƙungiyar tana da rajista, amincewa da ita ba alfarma ba ce da Alhaji zai yi ko ya hana.

Duk wannan a takarda yake, kuma da a Bompai ko Sharaɗa muke, unguwannin masana'antu na birnin Kano, da nan maganar ta tsaya. A can manaja bai san garin da lebura ya fito ba. A wurinmu kuwa, wanda ya fi kowa zafi a maganar ƙungiya ɗan wan limamin masallacin da Alhaji ya gina ne. Wani kuma yana noma gonar aro da dagaci ya ba mahaifinsa. Na uku yana neman auren 'yar ƙanwar manaja. Ba sai an rubuta wa kowa takardar tuhuma ba. Ya isa a ce a wurin ɗaurin aure, "Malam, yaron nan naku kuwa lafiya?" Kafin magariba an tara masa kawunnai a zaure.

Dagaci da kansa ya aiko yana tambaya ko ya sa baki. Niyyarsa alheri ce, ba ya son fitina a garinsa, kuma masana'antar ce ke ciyar da gidaje da yawa. Ni aka tura da amsa. Na durƙusa na ce, "Allah ya ja zamaninka, Alhaji yana godiya, ya ce maganar tana hannun hukuma kuma ba rigima ba ce. Yana roƙon kada a kira kowa a kanta." Ya yi shiru, ya ce to ai shi ke nan, amma na ga alamar bai ji daɗi ba. A al'adarmu, ƙin karɓar sulhun babba abu ne mai nauyi. Sai dai sulhun da ɗaya ɓangaren ba zai iya ɗaga kai ya yi magana a cikinsa ba, umarni ne kawai aka sa wa rawani. Yaron da mahaifinsa ke noma gonar dagaci ba zai ce "a'a" a fada ba, ko da doka ta ba shi dama sau goma.

Maganar bashi ta fi wannan wuya. Kusan kowane mai albashi yana da bashin da ake cira a hankali, kuma littafin a hannuna yake. Manaja ya ce ai neman bashinka ba laifi ba ne. Haka ne, amma in shekara da shekaru ana cire dubu biyar a wata, sai a watan fom aka ce mutum uku su biya duka, kowa ya san abin da ake nufi. Lauya ta ce a bar kowane bashi a kan tsarinsa, sabon mai nema kuma a duba shi da ma'aunin da aka saba. Rabon azumi ma ta ce ko a ba kowa kamar bara, ko a daina gaba ɗaya saboda dalilin da za a iya nunawa a littafi. An ba kowa.

Kada mai karatu ya ɗauka an ɗaure hannun maigida ne gaba ɗaya. Alhaji ya nemi jami'an ƙungiyar su kawo shaidar rajista da wasiƙa a rubuce, suka kawo. Ya ce ba a taro a lokacin aiki ko kusa da injina sai da izini, kuma doka tana bayansa a nan. Ya tara ma'aikata ya faɗa musu ra'ayinsa a fili, cewa shi bai ga bukatar ƙungiya ba, ya kuma buɗe musu lissafi: kuɗin dizal, kuɗin wuta, farashin shanshera, da yadda kasuwa ta yi sanyi bayan da gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024. Lauya ta ja masa layi biyu kafin taron. Kada ya ce zai rufe masana'anta in an shiga ƙungiya, kada kuma ya yi alkawarin ƙarin albashi ga wanda ya janye. Ya kiyaye, ko da yake na ga yana haɗiye magana sau da yawa. Ya kuma gaya musu gaskiyar da jami'an ƙungiya ba su cika jaddadawa ba: tun gyaran dokar ƙungiyoyi na 2005 shiga ƙungiya ganin dama ne, za a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi, wanda ba ya so yana iya rubutawa ya fita, yajin aiki sai an kaɗa ƙuri'a, kuma Dokar Rikicin Ma'aikata ta ce ba a biyan albashin kwanakin yaji. Ita dokar dai ta ce in maigida ne ya kulle ƙofa ya hana aiki, to shi zai biya.

Takardar fita daga ƙungiya ma akwai tarko a cikinta. Manaja ya so mu buga ta da yawa a kwamfuta mu ajiye a teburina, duk wanda ya zo karɓar albashi a miƙa masa. Aka hana. Wanda zai fita shi zai rubuta da kansa, ko ya sa a rubuta masa a waje. Mutum biyu sun kawo tasu, ɗaya ma da ajami.

A cikin wannan lokaci aka kama wani direba yana sayar da dizal a hanyar Zariya, kuma yana cikin na gaba-gaba a ƙungiya. Nan na ga amfanin fayil. Mun ba shi takardar tuhuma, ya amsa, aka zauna da wakilin reshe a wurin, aka fito da fayil ɗin wani direba da aka sallama kan laifi iri ɗaya tun kafin a san za a yi ƙungiya. Wakilin ya karanta, ya nemi a sassauta, Alhaji ya ƙi, aka sallame shi da haƙƙoƙinsa. Ba wanda ya daina aiki ko na awa ɗaya. Da ba mu da wancan tsohon fayil, da ba mai yarda cewa dizal ne dalili.

Abin da ya fi ba ni aiki ba ƙungiyar ba ce, gyaran namu gidan ne. Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takardar da ta bayyana sharuɗɗan aikinsa. Yawancin namu da baki aka ɗauke su, wani ma a bakin masallaci. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa maigida zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, wanda shi ne zai ɗauki nauyin irin ƙunar da ta tayar da maganar tun farko. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, kuma tunda masu albashinmu sun haura 25, ba mu cikin waɗanda aka ɗauke wa. Ba ƙungiya ce ta ƙirƙiro ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, suna nan tun da can. Ƙungiya ta zo ne da mutanen da suka san lambar sashe.

Haka nan rage ma'aikata idan shanshera ta yi wuya. A da manaja ne ke zaɓar wanda zai zauna a gida. Sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiya dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a kuma bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana. Manaja ya rasa wani iko da yake ji da shi, kuma a ganina wannan ne ainihin abin da ya sa ya fi Alhaji ƙin ƙungiyar. Ƙananan shugabanni su ne suka fi saurin jefa masana'anta cikin shari'a, domin su ke tare da ma'aikata kullum, su ke sakin magana irin "za ka gani". Sai da aka zaunar da kowane foman aka karanta masa abin da ba zai tambaya ba: wa ya sa hannu, wa ya je taro, wa ya kawo fom.

Zaman farko na tattaunawa an yi shi a ɗakin ajiyar buhuna, a kan benci. Sun zo da buƙatu da yawa, Alhaji ya karɓi na safar hannu da takalma da takunkumin ƙurar ɓuntu nan take, ya karɓi na kuɗin ƙarin lokaci bayan ja-in-ja, ya ƙi na motar ɗaukar ma'aikata, kuma ba dokar da ta tilasta masa. Shugaban reshe, wanda a waje yake kiran Alhaji "Baba", a teburin ma "Baba" ya ci gaba da cewa, sai dai yana faɗa yana duba takarda.

Maganar 'yan dako ce har yanzu ba a warware ba. Ƙungiya ta ce ma'aikatanmu ne, tunda wasunsu sun shekara goma suna sauke buhu a ƙofa ɗaya. Alhaji ya ce shi da shugabansu ya yi ciniki, kuma dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ake biya bisa yawan abin da ya yi ba. Shugaban 'yan dakon kansa ba ya son ƙungiya, domin a kowane buhu yana da nasa kaso. An rubuta wa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano, kamar yadda doka ta tsara idan sasanci na cikin gida ya gagara, kuma an ɗage zaman zuwa bayan girbin rani.