Furen Darwin a gaɓar Madagaska

Neman furen Darwin ne ya kai ni Madagaska. Hanyar Toamasina zuwa Soanierana-Ivongo ba zan ɓata baki a kanta ba, ramuka ne da jijjiga. Daga can muka hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Sainte-Marie. Watan Agusta ne, lokacin da Turawa ke tururuwa kallon kifin wel, shi ya sa kuɗin masauki ya yi tashin gwauron zabi. Mai ɗaki ya faɗi farashi da ariyari, kuɗin ƙasar, ko ragi bai yarda a nema ba, sai ka ce alfarma yake min.

Ɗan rakiyata dattijo ne mai haƙuri. Ya fara nuna min wani okid, wato wani dangin tsiron fure, mai furanni reras a kara ɗaya, fari da kore-kore, ya ce wannan Angraecum eburneum ne, kada in ruɗe. Wanda nake nema, Angraecum sesquipedale, wato furen Darwin, furanninsa kaɗan ne, manya, farare tas masu siffar tauraro, in ka taɓa kamar kakin zuma. Babbar alamarsa bututu ne kore da ke reto a bayan furen, ya kai santimita 30, ruwan zaƙi na can ƙasansa.

A bakin kurmi muka same shi, kusa da teku, inda iska da haske ke ratsawa, ya maƙale a jikin itace, saiwoyinsa masu kauri a waje. Na ce ai kauci ne irin namu. Dattijon ya girgiza kai: "Wannan ba ya shan jinin bishiya, masauki kawai ya nema."

Wannan bututun ne ya sa masanin halittu Charles Darwin ya ce a 1862 lallai akwai ƙwaron dare, dangin malam-buɗe-littafi, mai harshen da zai kai ƙasansa. Sai 1903 aka bayyana ƙwaron, Darwin kuwa ya rasu tun 1882. Mun zauna har magariba ta wuce, ƙamshin ya tashi sosai, ƙwaron dai bai zo ba. Sauro ne suka zo, suka yi abin da suka ga dama.

Washegari wani yaro ya biyo ni da tsiron da aka ɓamɓaro daga itace, wai in saya. Dattijon ya yi masa faɗa da harshensu. Fitar da okid daga ƙasar sai da takardar izini.

Dawowa teku ta yi fushi, kowa na amai. A filin jirgin Antananarivo wani jami'i ya zazzage min jaka, bai ko dube ni ba.