Godiya Ga Waɗanda Suka Taya Ni Lallashin Sandar Jirgi

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo, Asawase da Sabon Zango, da 'yan uwa na nesa da suka riƙa bugo waya suna tambayar yadda ake ciki.

Taron ranar Asabar ya tashi lafiya, Alhamdulillahi. Yara 37 ne suka zauna a kujerar nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗaga jirgi mai saukar ungulu a cikin kwamfuta, mafi yawansu kuma suka kifar da shi kafin a ƙirga goma. Tun ranar mutane ke tare ni a hanyar masallaci suna cewa na yi ƙoƙari. Ina amsawa, amma da nauyin baki, don mako uku kafin taron na riga na saka sandar tuƙin a kwali da niyyar kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Waɗanda suka fito da ita daga kwalin su ne suka cancanci yabon, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ga wanda bai zo ba, bari in faɗi asalin abin. Yaran unguwarmu sun tashi ne da ƙarar jirgi a kunne, tunda filin jirgin Kumasi, wanda yanzu ake kira Prempeh I, yana nan kusa da mu. Amma tambaya a kan helikwafta ba ta yawaita ba sai bayan 6 ga Agustan 2025, ranar da jirgin sojan sama ƙirar Z-9 ya faɗi a yankin Adansi a hanyarsa daga Accra zuwa Obuasi, mutum 8 suka rasu, ciki har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri. Yaran da nake koya wa kwamfuta da yamma suka dame ni: Malam, yaya ake tuƙa shi? Me ke riƙe shi a sama? Na ga gara su taɓa da hannunsu a kan in yi ta zane a allo.

Manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi da muka yi aiki da ita DCS World ce, jirgin kuma UH-1H, wanda duniya ta fi sani da Huey, na sojan Amurka da ya yi suna a yaƙin Biyetnam. Sandar kuwa tsohuwa ce, Microsoft SideWinder Force Feedback 2, ta girmi duk yaran da suka riƙe ta. Bambancinta da sandar wasa ta yau da kullum shi ne ba sifirin ke mayar da ita tsakiya ba. Injina biyu ne ƙanana a cikinta, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na hagu da dama, kwamfuta ce ke gaya musu inda za su riƙe sandar da ƙarfin da za su ture hannunka da shi.

Godiyata ta farko ga ƙanin mahaifiyata da ke Jamus, Kawu Sani, wanda ya tsinto ta a kasuwar gwanjo ya sako ta cikin kayan da ya aiko wa gida. Kawu, ka ce ba ka san amfaninta ba, ka dai ga ta yi kama da shirmen da nake so. Allah Ya ƙara buɗi.

Kwana huɗu da isowarta aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, sai na ji ƙauri. Laifina ne, na bar ta a jone kai tsaye a bango. Masta Iddirisu mai gyaran rediyo da talabijin ya buɗe ta, ya canza fis da kafasita guda, ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya, sai faɗa da ya yi mini kamar ɗan cikinsa a kan rashin sitabilaiza. Masta, na saya, tana nan a ƙarƙashin tebur.

To daga nan ne wahalar gaske ta fara, don sanda ta tashi amma ta zama kamar jakin da bai san mai shi ba. In na tura ta gaba na danna maɓallin tirim, wato mai sa sanda ta tsaya inda aka ajiye ta, sai ta fizge hannuna zuwa gefe. In na kai ta dama, ta ja ni baya. Dare biyar ina fama, har na fara zargin Masta ya juya wata waya a ciki (Masta, ka yafe mini, ban faɗa a gabanka ba amma na faɗa a zuci). Wata ɗaliba da ke karatun injiniya a jami'ar KNUST ta Kumasi, Rukayya, ƙanwar abokina, ita ta zo ta duba na minti goma. Ta shiga wurin saitin sanda, ta buɗe shafin da aka rubuta wa FF Tune, ta nuna mini wani ɗan akwati na musanya hanyoyin biyu. Ashe wannan sanda sai an danna shi, in ba haka ba umarnin gaba da baya yana tafiya ga injin hagu da dama. Ta danna, sanda ta nutsu. Ta dube ni ta ce, "Yaya, dare biyar?" Ban ce komai ba. Ita ce kuma ta haɗa mana kolektif, wato sandar hannun hagu mai ɗaga jirgi da sauke shi, da birkin hannu na tsohuwar mota da ɗan allon lantarki na Arduino. Feda kuwa, wato abin takawa da ke juya hancin jirgi, na wasan tseren mota muka ara.

Birkin hannun daga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya fito, wurin Masta Awudu mai walda. Shi ya ƙera kujerar da gindin da sandar ke zaune a kai tsakanin gwiwoyi, kamar yadda take a jirgin gaske, ya kuma ƙara mata tsawo da kamar santimita 20. Dalilin ƙarin tsawon shi ne hannu ya yi tafiya mai yawa kafin jirgi ya ji kaɗan. Bututun ƙarfe ya fara sakawa, irin aikinsu na Magazine da ake yi don jikoki su gada, sai ga shi injinan ba za su iya riƙe nauyinsa ba, sanda ta riƙa langaɓewa gefe. Ya sake da na alminiyom ba tare da ya ɓata rai ba. Yaransa biyu suka kawo kujerar a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, har ƙofar gida, cikin ruwan sama.

Duk da haka ban iya tsayar da jirgin wuri guda a iska ba. A nan ne na yi abin da ya kusa kashe aikin. A tunanina tunda sandar mai ƙarfi ce, a ba ta ƙarfinta duka: na kai ƙarfin tirim 100, na kai girgiza 100, na kuma bar lanƙwasar saitin nan da nake amfani da ita a tsohuwar sandata mai sifirin, wadda ke rage kaifin motsi a tsakiya, a kan 25. Sakamakon shi ne tebur na rawa, kafaɗata na ciwo, jirgi na lilo gaba da baya a filin jirgin Batumi na cikin manhajar har ya dasa hanci a ƙasa. Ranar da na saka ta a kwali ke nan.

Wanda ya sa na fito da ita shi ne dattijon da muke kira Baba Soja, wanda ya yi shekaru yana gyaran jirage a rundunar sojan sama kafin ya yi ritaya ya dawo cikinmu. Ba matuƙi ba ne, kuma shi ya fara faɗin haka da bakinsa, amma ya san cikin helikwafta kamar yadda mahauci ya san cikin saniya. Maƙwabcina ne ya kai masa labari bayan sallar Isha'i. Washegari sai ga shi da sandarsa ta dogarawa. Ya zauna, ya kama tawa, ya ji yadda take kokawa da shi, ya sake ta ya ce, "Ɗana, wannan ai tuƙin tifa ka shirya."

Bayanin da ya yi mini shi ne ya fi komai daraja a duk wannan tafiya, don haka zan ɗan tsaya a kansa ko wani mai irin wannan sanda zai amfana. Ya ce a jirgi irin Huey, haidirolik ne ke tsakanin hannun matuƙi da farfela, saboda haka nauyin farfelar ba ya isowa hannu. Ɗan taurin da matuƙi ke ji, da gangan aka saka shi: sifirin ne da wani birki na maganaɗisu. In matuƙi ya danna maɓallin tirim, birkin ya saki, sanda ta yi laushi, ya kai ta inda yake so, ya ɗaga yatsa, birkin ya kama, nan wurin ya zama sabuwar tsakiya. Ke nan aikin injinan sandata ba su yi dambe da ni ba ne, su riƙe mini wurin da na ajiye ta ne kawai. Ya ce in dube shi: ya ɗora damtsensa a cinya, ya riƙe sandar da yatsu uku kamar mai riƙe alƙalami a kan allo. Ya ce matuƙan da ya zauna kusa da su, in suna tsaye a iska, da ƙyar za ka ga hannunsu na motsi.

Muka zauna tun bayan La'asar har aka kira Magariba, ni ina rage lamba, shi yana gwadawa yana cewa "rage" ko "ƙara kaɗan". Ƙarfin tirim ya tsaya a 60, girgiza a 20. Girgizar bai yarda a kashe ta gaba ɗaya ba, don ya ce jirgi na magana da jiki, kamar ɗan karkarwar da ake ji in gudu ya kai tsakanin not 16 da 24 (not ma'aunin gudun jirgi ne), lokacin da farfela ta fita daga iskar da ta dagula ta shiga sabuwa. Lanƙwasar kuwa ni na gano illarta da kaina a daren: manhajar na aika sandar inda take ganin tsakiyar tirim take, amma lanƙwasa ta sa inda sandar take a hannu da inda take a cikin jirgi sun saɓa, shi ya sa duk danna tirim sai jirgi ya zabura. Na mayar da ita sifili, na cire matacciyar tsakiya ita ma, wato ɗan wurin tsakiya da jirgi ba ya jin motsin sanda, na kuma fita daga tsarin tirim ɗin da aka yi don sanduna masu sifirin. Ƙarin tsawon Masta Awudu ya riga ya ba ni laushin da nake nema a lanƙwasar. Ƙarfe ɗaya saura na dare na tsayar da Huey cak na minti guda cur, na tashi matata don ta gani. Ba ta ji daɗin tashin ba.

Baba ya kuma ja mini kunne a kan feda. Farfelar Huey, in ka dube ta daga sama, tana juyawa saɓanin hannun agogo, don haka in ka ja kolektif sai ka taka hagu, in ba haka ba hanci ya zarce dama. Na Rasha irin Mi-17 da sojojinmu ke tuƙawa akasin haka ne. Ranar taro shi ya tsaya bayan kujera yana ta cewa "hagu, jikana, hagu", har muryarsa ta dushe. Baba, ba ni da abin biyanka. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Saura matsala guda da ba ta bayyana ba sai a jajibirin taron, da na ɗora 'yata Sadiya mai shekara 9 don gwaji. A hannuna sanda lafiya lau, a hannunta sai ta mutu ta faɗi gefe. Na fara gumi. Mahaifiyarta da ke tsaye da tire ta ce, "Ai hannunta bai rufe wannan ɗan ramin ba." Gaskiyarta. A jikin mariƙin akwai ido mai gane hannu, in ba a rufe shi ba injinan sai su saki. Guntun salatif baƙi ya kashe maganar. Gargaɗi ga mai son kwaikwayo: in ka liƙe idon nan, sandar ba ta san ka sake ta ba, in ƙarfin ya yi yawa tana iya kaɗawa da kanta ta bugi yaro a gwiwa. Maman Sadiya, bayan wannan ga haƙurin mako shida da falo ya zama gareji. Na gode.

Ina godiya ga limaminmu da shugaban makarantar Islamiyya da suka ba mu aji da benci, da Hajiya mai waakye ta bakin titi da ta ciyar da yaran nan a rabin kuɗi, da Alhajin da ya ba da aron janareta ya ce kada a ambaci sunansa, da samarin da suka tsare ƙofa. Iyayen da suka bar 'ya'yansu mata suka zo, ku ma na gode. Wadda ta fi kowa daɗewa a iska yarinya ce 'yar aji shida, daƙiƙa 40, kuma ita kaɗai ce ta saurari Baba ta ɗora hannu a cinya.

Yaran da layi bai kai kansu ba, ku yi haƙuri, za mu sake zama Asabar ta biyu bayan an yi hutun makaranta, a ajin nan dai, bayan Azahar. Mai tsohon allon kwamfuta da ya fi inci 24 da ba ya amfani da shi, muna nema aro. Sannan wani ya bar hula fara mai zaren shuɗi a kan benci na baya, tana wurin ladan.