Ƙayyade Shekaru Daban, Haramtawa Daban: Ra'ayina kan Wasannin Bidiyo na Kashe-kashe

A watan Disamba na shekarar 1993 wasu 'yan majalisar dattawan Amurka, ƙarƙashin jagorancin Joe Lieberman da Herb Kohl, suka yi zama na musamman inda aka nuna musu hotunan wani wasan bidiyo mai suna Mortal Kombat, wanda a cikinsa duk wanda ya yi nasara a faɗa yana iya fizge kan abokin karawarsa har da ƙashin bayansa, jini yana zuba. An kuma nuna musu wani wasan mai suna Night Trap. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne cewa a wancan lokacin yaro ɗan shekara tara yana iya shiga kanti ya sayi irin wannan wasa babu mai tambayarsa komai. Sai suka bai wa kamfanonin zaɓi: ko su fito da tsarin da zai riƙa bayyana wa iyaye shekarun da suka dace da kowane wasa, ko kuwa gwamnati ta yi musu. A shekarar 1994 kamfanonin suka kafa hukumar ESRB, wadda har yau ita ce take sanya alamar shekaru a kan wasanni a Amurka da Kanada.

Na kawo wannan tarihi ne saboda tun daga wancan zama har zuwa yau ana cakuɗa abubuwa biyu da bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko shi ne ƙayyade shekaru, wato a duba wasa a ce wannan bai dace da wanda bai kai shekara kaza ba. Na biyu shi ne tacewa ko haramtawa, wato hukuma ta yanke wani ɓangare na wasan ko ta hana shi baki ɗaya, ga yaro da babba. Ina goyon bayan na farko da zuciya ɗaya, har ina ganin ya kamata a ƙara masa ƙarfi, amma na biyu ina da babbar shakka a kansa, kuma tarihin shekaru talatin da suka wuce ne ya sa mini wannan shakka.

Tsarin alamar ba shi da wuyar fahimta. A na ESRB harafin E yana nufin wasa na kowa da kowa, T na 'yan shekara 13 zuwa sama, M na 'yan 17 zuwa sama, AO kuwa na manya zalla. Turai tana da nata tsarin mai suna PEGI tun daga 2003, wanda yake amfani da lambobi: 3, 7, 12, 16 da 18. Jamus tana da USK, Japan tana da CERO. Tare da lambar akan sanya bayanin dalili, ko tashin hankali ne, ko zagi, ko tsoratarwa, ko caca, ko ƙwayoyi. Wannan bayani na biyu ya fi lambar amfani a wurina, domin iyaye ba su taru sun zama ɗaya ba: wani uban abin da ya fi damunsa batsa ce, wata uwar kuma ta san ɗanta mai yawan firgita ne da dare, abin da take gudu shi ne duk wani hoto mai ban tsoro.

Tambayar da ake fara jefa wa mai goyon bayan alamar shekaru ita ce, shin an tabbatar da cewa waɗannan wasanni suna mayar da yara masu kisa? Gaskiya ita ce ba a tabbatar ba. Bayan harbin da aka yi a makarantar Columbine da ke Amurka a watan Afrilu na 1999 an yi ta ɗora laifi a kan wasan Doom saboda maharan suna buga shi, kuma kusan duk lokacin da irin wannan masifa ta sake aukuwa sai a sake ɗauko zancen. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa akwai 'yar alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da zafin rai, kamar ihu da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar da za ta danganta su da aikata ta'asa, ta kuma ja kunnen masu ɗora musu laifin harbe-harbe. A 2019 Andrew Przybylski na jami'ar Oxford da Netta Weinstein sun bincika matasa kimanin dubu 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, suka tambayi iyayensu game da halinsu, ba su sami alaƙa tsakanin yawan buga wasannin tashin hankali da rigimar yaran ba. Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da aka fi buga wasannin bidiyo a duniya, amma kisan kai da bindiga a cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya bar batun samun makami cikin sauƙi, da matsalar gida, da taɓin hankalin da ba a kula da shi ba, ya kama wasa, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Sai dai a nan ne nake rabuwa da masu kare wasannin ido rufe, waɗanda da zarar an ce bincike bai tabbatar ba sai su ɗauka magana ta ƙare. Ba sai an tabbatar mini cewa abu zai mayar da yaro ɗan fashi ba kafin in ce bai dace da shi ba. Yaro ɗan shekara takwas bai gama rarrabe gaskiya da ƙage yadda babba ya rarrabe ba, kuma hoton da babba zai kalla ya manta kafin ya tashi daga kujera yana iya zama a zuciyar yaro makonni, ya hana shi barci, ya cika shi da tambayoyin da ba zai iya furtawa ba. Sannan wasa ya bambanta da fim ta wata fuska mai muhimmanci, domin a fim kallo kawai kake yi, a wasa kuwa da hannunka kake aikatawa, kuma a saka maka da maki idan ka yi da kyau. Akwai wasan da kashe-kashensa na yaƙi ne tsakanin sojoji, akwai wanda yake ba ka lada a kan azabtar da wanda ba shi da kariya. Ko da babu yaro ɗaya da zai ɗauki wuƙa saboda wasa na biyun, ba na son yaro ƙarami ya shafe sa'o'i yana sabawa da cewa kukan wanda ake cuta abin nishaɗi ne. Wannan batu ne na tarbiyya, kuma tarbiyya ba ta jiran sakamakon ɗakin bincike.

To idan haka ne, me ya sa ba zan goyi bayan a haramta su a huta ba? Saboda an gwada, kuma an ga abin da ya biyo baya. Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne na Ostireliya. Kafin ranar 1 ga Janairun 2013 ƙasar ba ta da matakin 'yan shekara 18 ga wasannin bidiyo, mataki mafi girma shi ne na 'yan 15. Duk wasan da ya wuce wannan sai a ƙi yi masa rajista, wanda yake daidai da haramta sayar da shi. Abin da ya riƙa faruwa shi ne kamfanoni su rage ɗan jini nan, su cire wani hoto can, wasan ya samu shiga matakin 'yan 15, alhali a Turai an sanya masa 18. Dokar da aka yi niyyar kare yara da ita sai ta zama hanyar miƙa wa 'yan shekara 15 wasan manya da alamar da take gaya wa iyayensu cewa babu komai. An gudu ba a tsira ba.

Jamus ma ta daɗe tana tsaurarawa. An sanya Doom cikin jerin abubuwan da ba a yarda a tallata su ko a baje su a fili ba tun 1994, sai a 2011 aka cire shi. Domin kauce wa irin wannan hukunci kamfanoni suka riƙa sauya launin jini zuwa kore, ko su mayar da mutane mutum-mutumi, kamar yadda aka yi wa sojojin da suke cikin wasan Half-Life. A Sin, lokacin da aka maye gurbin wasan harbe-harbe na PUBG da wani mai suna Game for Peace a 2019, wanda aka harbe ba ya faɗuwa cikin jini, ɗaga hannu yake yi ya yi ban kwana ya ɓace. Na daɗe ina tunani a kan irin wannan gyara, kuma ban ga abin da ya gyara ba. Harbin yana nan, ladan harbin yana nan, abin da aka cire kawai shi ne sakamakonsa, wato ciwo da mutuwa. In da za a ba ni zaɓi, na fi tsoron wasan da yake koya wa yaro cewa harbi ba ya ciwo a kan wanda yake nuna masa munin abin da harsashi yake yi wa jikin mutum. Akwai ma wasannin da tashin hankalin cikinsu shi ne wa'azinsu, kamar This War of Mine na 2014, inda mai wasa yake riƙe da rayukan fararen hula da yaƙi ya rutsa da su a cikin gari, wanda gwamnatin Poland ta amince da shi a matsayin abin nazari ga manyan ɗalibai. Almakashin mai tacewa da yake ƙirga ɗigon jini ba ya iya bambanta wannan da wasan da yake murna da zalunci.

Akwai kuma damuwar cewa ikon haramtawa ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Hukumar da aka bai wa damar hana wasa saboda jini, gobe tana iya hana wani saboda ya soki masu mulki ko ya ba da tarihin da ba su so, ta kuma fake da kare yara.

A Amurka kotu ta tafi can ɗaya gefen. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2005 da ta hana sayar wa yara wasannin tashin hankali, da tarar dala 1,000 ga mai kantin da ya saɓa. A watan Yunin 2011 kotun ƙoli, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta soke dokar, tana mai cewa wasannin bidiyo suna da kariyar 'yancin faɗar albarkacin baki kamar littattafai da fina-finai. Na yarda da cewa wasa fasaha ne da ya cancanci kariya, amma ban ga zaluncin da aka yi wa kowa ba idan aka hana mai kanti sayar wa ɗan shekara goma abin da aka rubuta 18 a jikinsa, tunda babba yana da damarsa, uba kuma yana iya saya wa ɗansa idan ya ga dama. Birtaniya ta bi wannan hanya a 2012, inda alamomin PEGI na 12, 16 da 18 suka zama doka a wurin sayarwa, kuma a ganina ita ce matsakaiciyar hanya. Duk da haka adalci ne a faɗi cewa tsarin sa kai na Amurka ya yi aiki fiye da yadda aka zata. Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta riƙa aika yara a ɓoye su gwada sayen wasannin M, kuma a shekarar 2000 kashi 85 cikin ɗari sun samu an sayar musu, a rahoton 2013 kuwa adadin ya sauka zuwa kashi 13.

Matsalar ita ce kantin da aka gina duk wannan tsari dominsa yana ɓacewa. Yawancin yara yanzu a waya ko kwamfuta suke sauke wasa, da yawa kyauta, kuma mai gadin ƙofar bai wuce wani akwati da yake tambayar ranar haihuwa ba, wanda kowane yaro ya san yadda zai cike shi. Saboda yawan wasannin da ake fitarwa kullum, tun 2013 aka fito da tsarin IARC, inda wanda ya ƙirƙiri wasan da kansa yake amsa tambayoyi a intanet, na'ura ta fitar masa da alamar kowane yanki, sai daga baya hukumomi su duba wasu. Ya fi babu, amma ya dogara da gaskiyar mai amsawa. Abin da ya fi wannan damuna shi ne alamar tana auna abin da kamfani ya zuba a cikin wasa ne kawai, ba ta auna abin da baƙon da yake wasa tare da yaronka zai faɗa masa a kunne ba. Wasan da aka yi wa alamar 7, mai launuka da 'yan tsana, yana iya zama inda yaro zai sha zagi, ko ya haɗu da babban da yake neman lalata shi, ko ya saba da sayen akwatin sa'a, wato akwatin cikin wasa da ba a sanin abin da yake ciki sai an buɗe, da kuɗin gaske, abin da hukumar caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa caca ne. Iyaye da yawa suna zura ido a kan jini, alhali haɗarin yana shigowa ta makirufo.

Don haka abin da nake nema daga hukumomi da kamfanoni ƙayyadadde ne: a sanya alamar a inda ido zai gan ta kafin a danna saukewa, a rubuta dalilinta da harshen da iyaye suke ji, a hukunta kamfanin da ya ɓoye abin da yake cikin wasansa, a kuma sa asusun yara ya zo a kulle tun daga farko, yadda sai babba ya buɗe hira da baƙi da sayayya da hannunsa. PlayStation, Xbox, Nintendo Switch da wayoyin Android da iPhone duk suna da wurin da uba ko uwa za su ƙayyade shekaru da lokacin wasa, amma yawanci yana ɓoye a can cikin saiti, kuma iyaye da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba.

Saura kuwa na gida ne, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lamba 16 ba ta san ɗanka ba, ba ta san ko ya yi hankali da wuri ko kuwa yana cikin wani hali na damuwa da ya kamata a nisanta shi da irin waɗannan hotuna ko da ya kai shekarun. Shawarar da nake bai wa duk wanda ya tambaye ni ita ce, kafin ya amince ko ya hana, ya nemi bidiyon wasan a intanet ya kalli minti goma, sannan ya ja kujera ya zauna kusa da yaron yana bugawa, ya tambaye shi wane ne wannan da yake harbi, me ya yi masa, kuma su wane ne waɗannan muryoyi da suke yi masa magana.