Ranar da takardar canji za ta zo

Ƙannena da kuka fito daga makarantar horar da fastoci ta Kagoro, ko Kawo, ko Wusasa, aka damƙa muku ikilisiya ta farko, ku soma aiki da sanin cewa wata rana takardar canji za ta zo. A ECWA, DCC, wato majalisar ikilisiyoyin gunduma, ce ke ɗaga fasto daga wannan majami'a zuwa waccan, a wasu ɗariku kuma bishop ne ko majalisar yanki. Za a loda kayanka a mota, matan zumunta su yi maka waƙar ban kwana, wani ya tare a gidan fasto. Bayan wata shida ake ganin abin da ka shuka. Da yawanmu da muka riga ku mun bar majami'u cike maƙil, muna juya baya addu'ar Laraba ta koma mutum bakwai, ajin baftisma ya watse. Mun daɗe muna ɗora laifin a kan waɗanda suka gaje mu, alhali mu ne muka rataya komai a wuyanmu, da muka tashi muka tafi da shi.

Kuskurenmu na farko a lissafi yake. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na 2002, iyalai masu yawa suka ƙetare kogi suka koma Sabon Tasha, Narayi, Television, Unguwar Romi da Gonin Gora. Majami'un wannan ɓangare suka cika cikin 'yan shekaru, mu kuma muka ɗauka wa'azinmu ne ya jawo jama'a. Ƙaura ce kawai. Muka ƙara lasifika, muka sayi babban janareta, muna auna ƙarfin Ruhu da ƙarfin ƙara. Kai dai ka riƙe wani lissafin a littafinka. Cikin masu zuwa ran Lahadi, nawa ke zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako? Cikin waɗanda aka yi wa baftisma bara, nawa ke cin jibin Ubangiji har yau? Mutum nawa ne bana suka ɗauki wani aiki a ikilisiya wanda bara ba su taɓa yi ba? In waɗannan ba su motsa ba, ko taron falkaswa nawa ka kira, kwana uku za a yi ana tsalle a koma gidan jiya.

Ba za ka iya wannan lissafi ba sai ka san tumakinka, kuma ka san su a rubuce. Ka sayi babban littafi mai kwali, kowane gida da shafinsa: sunan mai gida da matarsa da yara, sana'a, yaren gida, lambar waya, wanda aka yi wa baftisma da wanda ba a yi wa ba. Lambar gida ba ta da amfani sosai a unguwanninmu, sai ka rubuta kwatance, bayan injin niƙa, ko layi na biyu daga rijiyar burtsatse. Daga nan ka yi abin da Yetro ya gaya wa Musa a Fitowa 18, lokacin da ya gan shi zaune yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma: ka rarraba jama'a. Gida 10 zuwa 12 ga kowane dattijo, waɗanda zai iya zagawa da ƙafa. In aka ba shi gidaje a Kamazou yana zaune a Barnawa, kuɗin keke Napep zai kashe ziyarar tun wata na biyu. Doka ɗaya ta isa: wanda aka rasa Lahadi biyu a jere, dattijonsa ya je gidansa kafin ta uku. A zaman dattawa na wata kuma, rabin sa'a na farko na sunayen mutane ne, wa ke ciwo, wa ya rasa aiki, gidan wa ake faɗa. Mu da siminti da kwanon rufi muke buɗe zama, kafin a zo kan mutane kowa ya gaji yana duba agogo.

Kai ma ka ware yamma biyu a mako, gida uku kowace yamma, minti 20 zuwa 30 a kowane gida. Gida shida a mako, a mako 48, ziyara 288 ke nan. Ikilisiya mai gida 140 ka zagaye ta sau biyu a shekara. Ƙafar fasto, in an sake ta, gidan da ake kawo lemo mai sanyi da ambulan take nufa, jama'a kuwa suna gani. Ka soma da masu ɗaki ɗaya a gidan haya, da tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri da aka rufe suka bar su ba komai. Gidan da mace ke ita kaɗai, ka je da matarka ko da dattijo, ƙofa a buɗe. Ko babu abin da ya faru, bakin unguwa ya isa ya rushe aikin shekara goma.

Sai wa'azi. Abin kunya da muka yi ta yi shi ne neman aya daren Asabar, sau da yawa ma ayar da za mu zane wanda ya ɓata mana rai a zaman kwamiti. Jama'a sun san da wa ake, sai su bar sauraron Allah su koma kallon fuskar mutumin. Maganin wannan shi ne ka ɗauki littafi guda ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Filibiyawa tana da surori 4, za ta kai ka wata biyu. Markus surori 16, kusan shekara in kana tafiya a hankali. Nassin da ya biyo baya shi zai zaɓa maka abin faɗa, in ya taɓa wani, kowa ya san layi ne ya zo kansa. Litinin ka huta. Talata ka karanta nassin sau biyar ba tare da buɗe littafin sharhi ba. Laraba da Alhamis ka yi bincike. Juma'a ka rubuta jimla ɗaya da ta ɗauke wa'azin duka, ka faɗa wa matarka ko maigadin coci. In bai iya maimaita maka ba bayan sa'a guda, abincin bai nuna ba tukuna.

A Kaduna akwai batun harshe. Majami'a ɗaya za ka sami Bajju, Atyap, Ham, Gbagyi, Adara da mutanen Filato da Adamawa, Hausa ce ta haɗa iyayen, yaran kuma Turanci da buroka suka fi ji. Mukan shirya wa'azi da Turanci, mu hau bagade a sujadar Hausa muna fassarawa a tsaye, sai ya fito rabi da rabi, tsohuwa ta koma gida ba ta riƙe komai ba. Sujadar Hausa a shirya ta da Hausa tun daga takarda. Ka kuma duba fassarar da ke hannun jama'a, domin tsofaffi da yawa da tsohon juyi na 1932 suka haddace ayoyinsu, kalmominsa kuma sukan bambanta da na sabon juyi. Minti 30 zuwa 35 sun isa. Abin da ke cinye sujada dai sanarwa ce da baiko kashi huɗu. A tura sanarwa ta WhatsApp, magatakarda ya karanta muhimman cikin minti bakwai.

Karatun da kake yi don wa'azi ba zai ciyar da kai ba, kamar yadda mai tuwon sayarwa kan kwana da yunwa. Ka riƙe wani littafi dabam da kake karantawa da asuba don kanka, kafin ka kunna waya. Ka kuma sami wani fasto da ba ya ƙarƙashinka, ba ka ƙarƙashinsa, wanda zai iya tambayarka yaya gidanka, ka ba shi amsa ta gaskiya.

Kuɗi ne ya fi kayar da mutanenmu, kuma yawancinsu ba da niyyar sata suka soma ba. Da man janareta ake farawa. An gama sujada, ba a ƙirga baiko ba, sai a ce a ciro dubu biyar daga kwando a sayo mai. Mako mai zuwa kuɗin mota na baƙon mai wa'azi. Kafin shekara babu mai iya faɗin nawa ya shigo, in aka yi zargi ba ka da takardar da za ta wanke ka. Bulus da kansa, da yake tattara gudummawa don 'yan'uwa na Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi. Saboda haka mutum uku su ƙirga, ba 'yan gida ɗaya ba, a riƙa sauya su kowane wata. A ƙirga nan take bayan sujada, a rubuta 'yan dubu nawa, 'yan ɗari biyar nawa, zakka dabam, baiko dabam, su ukun su sa hannu, takarda ɗaya ga ma'aji ɗaya ga magatakarda. Litinin a kai banki duka, ko naira ba a taɓa ba. Ƙananan hidimomi a ware musu kuɗi dabam, da rasit. Masu sa hannu a asusu su zama uku, biyu su sa kafin a fitar, in tsarin ɗarikarku ya bari ma, cire sunanka daga ciki. Mai son turo zakka ta waya a ba shi lambar asusun ikilisiya, ko da ya ce ya fi yarda da kai. Duk wata uku ma'aji ya karanta rahoto a gaban jama'a, ya tsaya a yi masa tambaya. Lokacin zaɓe kuma 'yan siyasa za su zo da kujerun roba da buhunan siminti. Wanda ya karɓa ya san abin da ya biya da shi: ranar da ya kamata ya yi magana, bakinsa zai yi nauyi.

Ku sake karanta Ayyukan Manzanni 6 da idon mutumin Kaduna. Gunagunin farko a ikilisiya na yare ne: masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi shiru don zaman lafiya ba, ba su kuma karɓe rabon da hannunsu ba. Suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai, su kuma su tsaya kan addu'a da Maganar Allah. Ka duba sunayen bakwai ɗin, Istifanas, Filibus da sauran, duk sunayen Helenanci ne. Wato ɓangaren da ya yi kuka aka ba amanar. Kai ma ɗauki jadawalin wata uku da suka wuce ka duba wa ya karanta nassi, wa ya jagoranci sujada, wa ke riƙe da kuɗi, gwauruwar wa aka kai wa masara. In ka ga yare ɗaya ya mamaye, musamman naka, ka gyara tun ba a faɗa maka ba. Sauran ba za su yi gardama ba. Za su koma kujerun baya, daga nan ka ji sun buɗe tasu a layi na gaba.

Horo ma haka muka ɓata shi. Yarinya ta yi ciki a tsayar da ita gaban jama'a, wanda ya yi mata kuwa, in ɗan gidan mai ba da kuɗin gini ne, a ce ana bincike. Matiyu 18 ya shimfiɗa matakai: kai da shi tukuna, sannan da shaida ɗaya ko biyu, ikilisiya ce ta ƙarshe. In an sa mutum a horo, a faɗi tsawonsa, a haɗa shi da dattijo ko wata mama da za ta riƙa zama da shi kowane mako, ranar dawowa kuma a karɓe shi a fili kamar yadda aka dakatar da shi a fili. Akwai waɗanda muka dakatar muka manta da su har muka bar gari.

Tun watanka na farko ka zaɓi mutum uku da za ka koya wa aiki, bisa 2 Timoti 2:2. Wata huɗu suna binka suna kallo, ziyara, jana'iza, sulhun ma'aurata. Wata huɗu kuna yi tare. Wata huɗu suna yi kana zaune a baya. Ka soma ba su minti goma a addu'ar Laraba, gyara kuma a ofis, ku biyu. Kada ka zaɓa don baki ko aljihu, kada kuma ka ɗora sabon tuba, 1 Timoti 3 ta hana. Wata rana ɗayansu zai yi wa'azin da ya fi naka, ka ji ana yabonsa a bakin ƙofa, wani abu ya soke ka a ƙirji. A nan ne da yawanmu muka daina ba su bagade. In kana son ganin yadda ake wannan aiki, je ka zauna a taron zumuntar mata. Suna da shugaba da mataimakiya, sun san wadda ta haihu da wadda ke asibiti, fastoci suna zuwa suna tafiya su kuwa ba su fasa ba.

Maƙwabta kuma, kafin a yi wata fitina ka riga ka san mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, kun gaisa, kuna da lambar juna. Daren addu'ar kwana a juya lasifika ciki. Labarin da aka turo maka a waya ba ka tabbatar ba, kada ya hau bagade, a garin nan mun ga abin da jita-jita ke haifarwa.

Ranar da takardar ta zo, ka miƙa wa magajinka littafin gidaje, littattafan kuɗi da bayanin banki na ƙarshe, takardun fili, jerin bashin da ake bin ikilisiya, sunayen waɗanda ke horo da ranar da za su fita, da duk alkawarin da ka yi wa wani ba ka cika ba. Ku yi wannan a gaban dattawa, a sa hannu. Bayan ka tafi mambobi za su riƙa kiranka suna cewa Baba, sabon nan ba kamar kai ba ne. Ka gaishe su, ka tambayi yara, ka ce su kai maganar wurin fastonsu.