Kibiyar da ke bangon ɗakin inji

Shekara shida ke nan ina riƙe wa kawuna lissafi a injin casar shinkafa da ke wani ƙauye kusa da Kura. Da kaka, idan shinkafar Kadawa ta fara shigowa, inji ba ya hutawa daga asuba har bayan isha'i.

A bangon ɗakin injin an rubuta da jan fenti: "HADARI! KADA A TABA BEL." Mai fentin bai sa ƙugiya ba. Wani malamin firamare da ke kawo mana casa ya sha cewa a gyara, tunda hadari na sama ne, taba kuma ta sha ce. Gaskiyarsa ce, amma kowa na gane abin da ake nufi, don haka ni ban taɓa ɗaukar wannan kuskure a matsayin mai rushe gargaɗin ba.

Kuskuren da ya cuce mu ƙarami ne, ba wanda ya kula da shi. Ƙarƙashin rubutun akwai kibiya mai nuna makunnin kashe inji. Da damina rufi ya yi yoyo, mai gyaran wuta ya mayar da makunnin bakin ƙofa, kibiyar kuwa aka bar ta tana nuna tsohon akwatin.

Bara bel ya kama hannun rigar wani yaro mai zuba shanshera. Wani direba, baƙo ne, ya bi kibiyar a guje ya ja makunni, sai fitilu suka mutu, inji na ci gaba da juyawa. Kafin mai kula da injin ya laluba ya kai bakin ƙofa, yatsu biyu sun karye. Har yau ina jin ihun yaron.

Da dare kawu ya ce, "Ai mun rubuta gargaɗi." Na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri, rubutun da ya kai mutum inda ba nan ba ai gara babu shi." Na kuma tuna masa Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, fenti kaɗai bai wadatar ba.

Washegari mai walda ya yi wa bel ɗin kejin raga. Na goge kibiyar da hannuna, muka zana sabuwa, wani alaramma ya ƙara rubutun da ajami, domin yawancin yaranmu allo suka yi. Yaron ya dawo aiki, sai dai har yanzu da hagu yake ɗinke bakin buhu.